Kaluluwar da ta ƙi sacewa: wata bakwai kafin a gano tarin fuka a wuyan wata mai ɗinki a Rigasa

Wace ce ita

Matar aure ce 'yar shekara 27, tana ɗinki a cikin gida a Rigasa. 'Ya'yanta biyu, babban yana da shekara huɗu, ƙaramar kuma ba a yaye ta ba lokacin da abin ya fara. Gidan yawa suke zaune tare da iyayen mijinta, ɗaki yana kallon ɗaki. Ba ta da ciwon suga, ba ta taɓa doguwar jinya ba. Katinta na asibitin tazarar haihuwa ya nuna nauyinta kilo 56 a watan Oktoba na 2022.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a sashen da ke ba da maganin tarin fuka a wani asibitin gwamnati cikin garin Kaduna. Ban san ta ba sai a watan Mayu na 2023. Abin da ya faru kafin nan daga bakinta na ji shi, da bakin yayarta, da kuma shafin ƙarshe na littafin da take rubuta awon masu kawo mata ɗinki. Ta yarda in rubuta labarin da sharaɗin ba za a ambaci suna ba.

Nuwamba 2022: ƙullutun farko

Wata safiya tana ɗaura ɗankwali hannunta ya taɓa ɗan ƙullutu a gefen dama na wuyanta, ƙasa da kunne, bayan muƙamuƙi. Bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Ba ya zafi, fatar wurin ba ta yi ja ba, in ta danna shi yana motsi. Hunturu ya fara shigowa, rabin gidan na fama da mura, sai ta ce kaluluwa ce.

Kaluluwar ce kuwa. Jikin ɗan Adam na da ɗaruruwan irin waɗannan 'yan ƙwayoyi, da yawansu a wuya da hammata da matsematsi, aikinsu tace ruwan jiki da tare ƙwayoyin cuta. Shi ya sa wanda ya yi tuntuɓe ƙafarsa ta rure yake jin kaluluwa a cinya, mai ciwon haƙori ko maƙogwaro kuma ya ji ta a wuya. Irin wannan takan yi zafi, kuma takan sace cikin mako biyu zuwa huɗu bayan ciwon da ya tayar da ita ya warke.

Murar gidan ta wuce, ƙullutun yana nan. A ƙarshen watan ta ɗauki tef ɗin ɗinki ta tsaya gaban madubi ta auna shi, ta rubuta a bayan littafin awo: rabin inci.

Disamba 2022 zuwa Janairu 2023: kemis

Mijinta ya karɓo mata Ampiclox na kwana biyar a kemis ɗin bakin layi. Ta shanye, babu canji. Ta koma gasa wurin da ruwan ɗumi tana shafa man zafi. Surukarta ta ce hangum ne, amma hangum kumburi ne mai zafi a gaban kunne, kuma ba ya wuce mako biyu. Wata maƙwabciya ta ce maƙoƙo ne ke son fitowa, shi kuwa maƙoƙo a gaban wuya yake, yana hawa yana sauka in an haɗiye yawu.

A tsakiyar Janairu tef ya nuna inci ɗaya, ga wani ƙarami ya ɓullo a ƙarƙashinsa. Da yake kullum da hijabi take fita, babu wanda ya san da shi sai mutanen gida.

Fabrairu zuwa Maris 2023: aka ce taifot ce

Zazzaɓi ya fara zuwa mata da yamma, ba mai kayarwa ba, irin wanda mutum ke ci gaba da aikinsa da shi. Da dare kuma gumi, har sai ta juya matashin kai duk da sanyin da ake yi. Abinci ya fita daga ranta. Lokacin ne ake tsakiyar ƙarancin takardun naira, samun kuɗin mota ma aiki ne, don haka ta tsaya a wani ƙaramin asibitin kuɗi da take iya zuwa da ƙafa.

Aka ɗebi jini, aka yi gwajin Widal, aka ce taifot ce da maleriya. Ta faɗi maganar wuyan. Ta ɗaga gefen hijabi, aka duba da ido, ba a sa hannu ba. Aka ba ta sifrofuloksasin na kwana goma da maganin maleriya, aka haɗa mata da wasu ƙananan fararen ƙwayoyi "don kumburin ya sace". Ledar maganin da ta adana ta nuna firedinisolon ne.

Kumburin ya ragu da gaske. Daga inci ɗaya da rabi ya koma inci ɗaya, zazzaɓi ya ɗauke, har ta fara jin yunwa. Gida ya yi murna. Mako uku bayan maganin ya ƙare abin ya dawo fiye da da: ƙullutu uku sun manne da juna sun zama curi guda, ba sa motsi kamar farko. A rubutunta na ƙarshen Maris, inci biyu ne.

An ɗauki azumi ranar 23 ga Maris. Ramar da ta yi sai aka jingina ta ga azumi da shayarwa da kwanan zaune a kan ɗinkin Sallah. Ita kanta sai da ta rage wa rigarta ta Sallah inci biyu a ƙugu, ba ta kawo komai a ranta ba.

Afrilu 2023: sakiya

Bayan Sallah, wadda aka yi ranar 21 ga Afrilu, tsakiyar curin ya yi laushi, fatar ta yi duhu tana sheƙi. Har yanzu babu zafi, in an taɓa wurin ma ba ɗumi. Aka ce ya nuna, aka kira wanzami ya yi mata sakiya.

Abin da ya fito bai yi kama da mugunyar maruru ba. Ruwa ne tsararo mai ɗauke da fararen gutsattsari kamar marmashin awara. Maruru in an farke shi mai shi kan samu barci a daren, bakin kuma ya rufe cikin 'yan kwanaki. Wannan bakin ya ƙi rufewa. Ta riƙa ninke guntayen atamfa daga ragowar ɗinki tana tarewa a ƙarƙashin hijabi, tana canzawa sau uku a rana, ta wanke su da dare ta shanya a cikin ɗaki don kada a gani a igiya.

A nan kalmar daji, wato sankara, ta shigo gidan. Aka shiga karɓo rubutu da na shafawa, aka kuma ja mata kunne da abin da mutanenmu da yawa suka yi imani da shi, cewa daji ba ya son allura, in ƙarfen asibiti ya taɓa shi sai ya bazu. Mako huɗu aka yi a haka.

Mayu 2023: asibiti

Yayarta ce ta zo daga Tudun Wada ta ga ƙyallayen da aka shanya, ta sa ta a keke ta kawo ta ranar Litinin 22 ga Mayu. Nauyinta kilo 48. Likita ya sa ta cire hijabi, da ma'aikaciya mace a ɗakin, ya bi wuyan da yatsu gaba da baya. Curin ya kai santimita 5 a tsaye, 4 a kwance, da baki mai tsiyaya a tsakiya. Can ƙasa da shi akwai wata kaluluwa ita kaɗai, santimita 2, ba ta fashe ba. Ya haska baki da maƙogwaro da hanci da kunne, ya duba hammata da matsematsi, ya taɓa ciki don jin hanta da saifa. Bai sami wani abu a waɗannan wurare ba.

Abubuwa huɗu ya rubuta da za a tantance: tarin fuka na kaluluwa, sankarar kaluluwa da likitoci ke kira limfoma, sankarar da ta taso daga bayan hanci ko maƙogwaro ta sauko wuya, da cuta mai karya garkuwar jiki. Da ido ko da hannu ba a raba su, domin dukansu suna iya zuwa da kumburi marar zafi, uku daga ciki ma har da gumin dare da rama. Gwajin ƙanjamau ya nuna ba ta da shi. Suga daidai. Jininta ya ɗan yi ƙasa. Hoton ƙirji ya fito fes, kuma ba ta tari, balle a sami majinar da za a gwada.

Saura abu ɗaya: a sa siririyar allura a cikin kaluluwar da ba ta fashe ba a zuƙo ɗan abin da ke ciki. Nan ta tubure. Aka turo ta ɗakinmu, ta zauna tana murza bakin hijabi.

"Anti, an ce in allura ta taɓa shi, shi ke nan."

"Ƙanwata, bari ki ga allurar tukuna," na ce mata. Na yage sabuwa a gabanta na miƙa mata. Ta juya ta kamar yadda take duba allurar keke, ta ce ai ta fi wadda take ɗinka leshi da ita siranta. Na gaya mata ba yanka za a yi ba, ba za a zuba mata komai a jiki ba, ɗiba kawai za a yi, kuma ko da sankarar ce ta wannan hanyar ake fara gane ta. Ta ce sai ta shawarci maigidanta.

Mako biyu ba mu gan ta ba. Yayarta ce ta yi ta zarya har mijin ya zo da kansa, likita ya zaunar da shi ya ce, "Malam, wata shida kuna ba ta maganin ciwon da ba wanda ya san sunansa. Ku ba mu minti biyar mu nemo sunan." Aka yi gwajin ranar 6 ga Yuni.

An raba abin da aka zuƙo gida biyu. Rabi ya tafi na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, mai gano ƙwayar tarin fuka cikin kimanin awa biyu, ta kuma faɗi ko ƙwayar ta bijire wa rifamfisin, ɗaya daga cikin magungunan cutar. Washegari sakamako ya zo: akwai ƙwayar, kuma ba ta bijire ba. Ɗaya rabin da aka shafa a gilashi aka duba da madubin likita ya nuna mataccen nama irin wanda tarin fuka ke bari, babu alamar sankara. Da duka biyun sun fito babu komai, da ba a sallame ta ba, da an ciro kaluluwa ɗaya sukutum an kai ɗakin bincike.

Yuni 2023: fara magani

Tambayar farko da mijin ya yi ita ce wadda kowa ke yi: yaya za a ce tarin fuka ga wadda ba ta tari? Sunan ne ke ruɗin mutane. Ƙwayar ta huhu take shiga, amma tana iya bin jini ko magudanan kaluluwa ta zauna a ƙashin baya, ko ciki, ko ƙwaƙwalwa, ko wuya, wani lokaci ta kwanta shekaru kafin ta motsa. A cikin duk wuraren da ba huhu ba, kaluluwar wuya na daga cikin inda aka fi samunta. Akwai kuma 'yar'uwar ƙwayar da ake ɗauka ta madarar shanun da ba a dafa ba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu wannan cuta, kuma cibiyar ƙasa da ke horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta a jiharmu take, a Saye kusa da Zariya.

Ta fara magani ranar Talata 13 ga Yuni, kyauta, kamar yadda yake a duk cibiyoyin da ke ƙarƙashin shirin gwamnati. Wata biyun farko magunguna huɗu ne a dunƙule cikin ƙwaya ɗaya: rifamfisin, isoniyazid, firazinamid da etambutol. Wata huɗun da ke biye kuma biyun farko kawai. Da nauyi ake ƙidaya ƙwayoyin, kilo 48 ya ba ta uku a rana, da safe kafin ta ci komai. Aka haɗa mata da bitamin B6 saboda isoniyazid na iya kawo jin tsira-tsira a tafin ƙafa.

Na gaya mata fitsarinta zai koma ja kamar ruwan lemo, kada ta tsorata. In idonta ya yi rawaya irin na shawara, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ganinta ya dushe, ta zo a ranar. Ta ci gaba da ba da nono. Rifamfisin na rage ƙarfin abin tazarar haihuwa da ke ƙarƙashin fatar hannunta, wanda mata ke kira ashana, don haka na raka ta sashen tazarar haihuwa aka sauya mata hanya. Na kuma aika wa surukarta saƙo cewa ba sai an ware mata kwano ko kofi ba, tunda huhunta lafiya lau ne ba ta yaɗa cutar ta numfashi.

Mun nemi a kawo duk mutanen gidan. A nan aka gano mahaifin mijin, dattijo mai shekara sittin da wani abu, ya fi shekara yana tarin da ake cewa na tsufa ne da sanyi. Majinarsa ta nuna ƙwayar. Aka ɗora shi a kan magani, yaran biyu kuma, bayan an tabbatar ba su kamu ba, aka ba su maganin kariya.

Yuli 2023: kumburi ya dawo

Mako huɗu da farawa zazzaɓi da gumi suka tafi, nauyi ya koma kilo 50, tsiyayar ta ragu. A mako na biyar kaluluwar nan ta ƙasa, wadda aka sa wa allura, ta tashi daga santimita 2 zuwa 4, ta yi laushi, a wannan karon har da ɗan zafi.

Ranar karɓar maganinta ta zo ba ta zo ba. Na kira waya a kashe. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu kuɗin keke ya ninka, masu jinya da dama na makara, sai na ɗauka wannan ne. Da na je gidan na tarar kwana tara ke nan ba ta sha ba. Ƙwayoyin na cikin gwangwanin da take ajiye maɓallai. Surukarta ta tare ni a tsakar gida ta ce, "'Yata, ba mu ƙi taku ba, amma daidai inda aka soka allurar nan ne ya tashi."

Na ce, "Mama, abin da kika gani gaskiya ne, ya tashi. Ki ba ni ita mu je likita ya gani yau."

Likita ya duba ya ce wannan sanannen abu ne a tarin fuka na kaluluwa. Idan magani ya fara kashe ƙwayoyin, garkuwar jiki kan farfaɗo ta far wa ragowarsu, sai kaluluwa ta ƙara kumbura ko wata sabuwa ta fito, yawanci a watannin farko. Kafin ya tsaya a kan haka sai da ya tabbatar da abu uku: tana shan maganin daidai kafin kumburin ya zo, gwajin farko bai nuna bijirewa ba, kuma sauran jikinta gaba yake yi. Ya zuƙe ruwan da allura, bai yanka ba. Ta ci gaba da maganin, aka ƙara kwana taran da ta rasa a ƙarshe. Yayarta ta ɗauki nauyin kiran ta kowace safiya har sai ta ji ta haɗiye.

Agusta zuwa Disamba 2023

A tsakiyar Agusta ta koma kan magunguna biyu. Bakin sakiyar ya rufe a farkon Satumba, bayan fiye da wata huɗu yana tsiyaya. A Oktoba ta kai kilo 55, aka ƙara mata ƙwayoyi zuwa huɗu. Ta sha na ƙarshe a watan Disamba da nauyin kilo 57. Abin da ya rage a wuyan tabo ne mai lotsawa, da ɗan ƙullutu mai tauri da bai kai santimita 1 ba, irin wanda kan saura bayan an warke. Da ta dawo a Yunin 2024 bai ƙaru ba. Surukinta shi ma ya kammala nasa.

Abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba

A ganina rashin zafi ne ya cinye mata wata bakwai. Mun saba auna girman ciwo da zafinsa, alhali a kaluluwar wuya mai zafin ce ta fi saurin wucewa. Wadda ba ta zafi, ta wuce mako huɗu zuwa shida, ko ta kai santimita 2, ko ta yi tauri ta daina motsi, ko ta zo da gumin dare da rama, ita ce ke bukatar a ɗebi abin da ke cikinta a duba. Tun a watan Janairu tata ta cika sharaɗin daɗewa da na girma, kuma shaidar na rubuce a littafinta.

Ampiclox bai taɓa ƙwayar tarin fuka ba, mako kawai ya ci. Maganin Fabrairu ne ya fi yin ɓarna, saboda ya yi kama da nasara. Sifrofuloksasin na da ɗan ƙarfi a kan ƙwayar, yana kwantar da ita ba tare da ya kashe ta ba, kuma yana iya koya mata bijire wa danginsa da ake ajiye wa tarin fuka mai taurin kai. Firedinisolon kuma yana sace kumburi kowane iri ne yana raunana garkuwar jiki. Da limfoma ce gare ta, da ya iya ɓata sakamakon gwajin naman ma. Gwajin Widal guda ɗaya bai isa a ce mutum na da taifot ba, ballantana a bar curin da ke wuya ba a taɓa ba.

Ban ga laifin dangin da suka kira wanzami ba, abin ya yi musu kama da maruru ne. Amma sakiyar ce ta buɗe bakin da ya yi wata huɗu yana zuba, ita ce kuma ta bar tabon. Allurar da aka fi jin tsoro ita ce ta kawo sunan ciwon cikin kwana ɗaya, ta kuma kai mu ga dattijon da ke tari a ɗakin da jikokinsa ke wasa.

Kwana taran Yuli kuwa daga wurina suka fito. Na yi mata bayanin jan fitsari da shawara da ashana, ban gaya mata kumburin na iya ƙaruwa tana cikin shan magani ba, a gidan da aka riga aka ce allura na tayar da ciwo. Yanzu duk mai tarin fuka na kaluluwa da ya zauna a gabana ranar farko, ina faɗa masa wannan a gaban wanda ya rako shi, in auna kumburin da tef, in rubuta awon a bayan katinsa tare da ranar da zai dawo mu sake aunawa.